Mamogiram ko sikanin: wanne ya dace da ke, wanne ya dace da ƙanwarki

Hajiya, kin ce ƙanwarki mai shekara 33 da ke shayarwa a Jidda ta ji kullutu a mamanta na hagu, ke kuma kina da 46 ba ki jin komai, kuma shawara ta rabu, wasu na cewa ku yi mamogiram, wasu na cewa sikanin, wanda a mustashfa, wato asibiti, za ki ji ana kira sonar. Ai ba gwaji ɗaya ya kamace ku ba.

Mamogiram naki ne. Da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi yake aiki, amma ɗan kaɗan. Ana danne maman tsakanin faranti biyu na 'yan daƙiƙu, akwai ɗan zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amfaninsa shi ne yana hango abin da hannu bai kai ga ji ba, har da wasu ƙananan ɗigo-ɗigo na alli da kan zama alamar farko ta sankara, waɗanda sikanin yakan wuce su. Shi ya sa Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ke kiran mata daga shekara 40 su riƙa yi ko da lafiyarsu ƙalau, domin sankarar mama ita ce kan gaba a cikin ciwon dajin da ke kama mata a ƙasar nan. Ki zaɓi lokacin bayan kin gama al'ada, kada ki shafa hoda ko maganin warin hammata ranar, don suna iya fitowa a hoton kamar ciwo. Idan kin kira 937, lambar wayar Ma'aikatar Lafiya, za a faɗa miki inda ake yi kusa da ke.

Ƙanwarki kuwa da sikanin likita zai fi fara mata. Naman maman mace mai ƙuruciya, balle mai shayarwa, a cushe yake, yana fitowa fari a mamogiram, ƙari ma fari yake fitowa, sai ya ɓuya. Sikanin da sauti yake aiki, ba ya cutar da mai ciki ko mai goyo, kuma nan take yake bambance jakar ruwa da tsoka mai tauri. Ta ba yaron nono kafin ta shiga. Sau da yawa irin wannan kullutun toshewar hanyar nono ce ko kumburi, kuma mafi yawan kullutun mama ba daji ba ne. Amma don Allah kada ta ce sai ta yaye. Wannan jiran shi ne ya fi tayar min da hankali a cikin matanmu, ana ta shafe-shafe da ruwan ɗumi har wata shida su wuce.

A takardar sakamakon kowanne za ku ga an rubuta BI-RADS, wato ma'aunin da likitoci ke bayyana sakamakon hoton mama da shi, da lamba a gefensa. Idan 1 ce ko 2, babu damuwa. 3 na nufin a dawo bayan wata shida. 0 ba hukunci ba ne, ƙarin hoto kawai ake so. 4 da 5 su ne ake neman a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji.

A nan ne mutane ke gudu, wai idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Hajiya, ba allurar ke baza shi ba. Ta hanyar jini da jijiyoyin kaluluwa yake tafiya, yakan fara da hammata, daga baya ya kai ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa, kuma lokaci ne ke ba shi wannan damar. Mamogiram da sikanin zato suke kawowa, allurar ce kaɗai ke tabbatar da daji ne ko a'a, ta kuma nuna irinsa, wanda a kansa ake zaɓar magani. Ana kashe wurin kafin a yi, a ranar take komawa gida.

Idan aka tabbatar, sai likita ya duba ko akwai buƙatar hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, na ƙirji da ciki ko hoton ƙasusuwa don a san ko ya yaɗu. Ba kowa ake yi wa ba, musamman idan an kama shi da wuri.

Ke ki nemi lokacinki cikin watan nan. Ita kuwa ki kama hannunta ku je cikin satin nan, in tana jin nauyi ta nemi mace ta duba ta. Allah Ya sa mu ji alheri.