Wata takwas da bindigar iska mara nauyi a gonar Epe

Wata takwas ke nan ina amfani da wata bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karya hancinta a ɗana, mai cin ƙwayar dalma ta milimita 5.5, wadda nauyinta bai kai kilo 3 ba. A Agege nake zaune, amma gonar rogona tana wajen Epe a jihar Legas, kuma ɓarnar gafiya ce ta sa na neme ta, bayan na yi lasisi kamar yadda Dokar Makamai ta 1959 ta tanada.

Rashin nauyin nan shi ne abin da ya fi burge ni, domin nakan wuni da ita a kafaɗa ban ji gajiya ba, amma shi ne kuma ya fi ba ni wahala wajen saiti. Bindiga mai nauyi takan zauna daram, wannan kuwa ko numfashi na ja sai na ga bakinta yana rawa. A makon farko na kafa kwali a nisan mita 20, na rungume ta gam a kafaɗa, harbi goma suka watse faɗin tafin hannu.

Wani dattijon maharbi da muke sallah masallaci ɗaya ne ya gyara mini. Ya ce, “Ɗana, sassauta mata, kada ka shaƙe ta.” Dalili kuwa shi ne sifirin yana girgiza bindigar baya da gaba tun ƙwayar ba ta fita ba, saboda haka duk ranar da riƙo ya canja, inda ƙwayar za ta faɗa ma ya canja. Yanzu a buɗaɗɗen tafin hagu nake ɗora ta, kullum a wuri guda, in fitar da rabin numfashi, in matsa kunama a hankali, kuma ba na ɗaga kumatu sai na ji ƙwayar ta bugi kwali. Da haka harbi goma suka koma cikin faɗin murfin kwalba.

Kunamarta tana da ɗan tauri, kuma ba na harbin dabba da ita idan nisa ya wuce mita 25, don ba na son in raunata abin da ba zan kashe nan take ba. Laimar Legas ma ba ta raga wa ƙarfenta, shi ya sa nake goge ta da tsumma mai ɗan mai duk lokacin da na dawo daga gona.