Garejin da suka gano min yoyon lagireto a sanyin Jos

Jama'a masu manyan mashina irin masu lagireto, akwai wani gareji a wajen Farin Gada da na ga ya kamata in ba ku labarinsa, don gaskiya na ji daɗin aikin mutumin.

Mashin ɗina Honda Transalp 600 ne ƙirar 1996, ɗan Beljiyam. Tunda hunturu ya kama a watan Disamba kullum da safe sai in tarar da ɗigo uku ko huɗu na koren ruwan lagireto a ƙasan inji, amma da na tada shi ya ɗau zafi shikenan sai ya ɗauke, in wuni ina yawo ko ɗigo ɗaya babu kuma allurar zafi ba ta tashi. Na kai wurare biyu kafin nan, kuma ban ga laifinsu sosai ba don Boxer da Jincheng suka saba taɓawa, waɗanda iska ce ke sanyaya su. Ɗaya ya ce gasket ne sai an sauke kan inji, ɗayan kuma ya ce in zuba maganin toshe yoyo.

Shi wannan bawan Allah da na yi mai bayani sai ya ce "Alhaji ka bar min shi ya kwana, da zafi ba zan ga komai ba". Wallahi wannan maganar ce ta sa hankalina ya kwanta da shi. Ya wanke injin tas ya bari ya bushe, ya barbaɗa hoda a duk mahaɗar tiyo, ya shimfiɗa kwali a ƙasa. Washegari bayan asuba na zo cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ya haska min tocila sai ga layin da ruwa ya bi a cikin hodar tun daga sama, wajen da bututun ruwa ya shiga kan silinda. Ashe inda nake ganin ɗigon ba nan ne asalin ba, gangarowa yake.

Ya ce roba in ta tsufa taurare take, in sanyi ya bugo ta ƙanƙance ta saki, in inji ya yi zafi ƙarfe ya buɗa ya sake matse ta. Da ya zaro O-ring ɗin, wato zoben robar da ke toshe mahaɗar bututun, na taɓa, ya baje ya yi tauri kamar busasshiyar fata. Bai tsaya nan ba, ya ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto ya hura iska har matsinta ya kai kusan bar 1 muka zuba wa allurar ido, ya leƙa ƙaramin ramin nan na ƙasan famfon ruwan inji wanda in yana tsatsafo to sil ɗin ciki mai tare ruwa ya tafi, nawa a bushe yake alhamdulillah. Ya duba baƙin mai ma ko ya koma kalar madara, lafiya lau.

O-ring biyu da tiyo ɗaya da kilif ya canja, ya zubar da tsohon ruwan ya sa sabo, rabi maganin lagireto rabi ruwa, wanda ba sinadarin silikat a ciki don silikat na cinye sil ɗin famfo. Ya kuma hana ni ƙara ruwan rijiya. Abin da ya burge ni har ruwan da ya zuba a ƙasa ya sa yaronsa ya rufe da ƙasa ya kwashe, saboda yana da zaƙi kuma guba ne, kyanwa ko kare in sun lasa sai a yi asara.

Inda ban ji daɗi ba, ba ya ɗaga waya sam, kuma sai da na yi kwana 4 ina jiran tiyon ya iso daga Legas ba tare da an sanar da ni komai ba, wurin zama ma babu sai benci ɗaya. Kuɗin aiki kam bai kai na cika tanki sau biyu ba. Yau sati 3 ina shimfiɗa kwali kowane dare, da safe a bushe nake ɗauke shi.