Na karanta "The Removalists" na David Williamson a waya: ga abin da na tarar

Wani abokina da muke rubuta wasannin rediyo tare ne ya dame ni da maganar David Williamson, wai idan ina so in ga yadda ake gina rikici a cikin ɗaki guda, in neme shi. Na sayi littafin wasan kwaikwayonsa mai suna "The Removalists", wato masu kwasar kayan gida, a wani shagon littattafai na intanet. Sai da katina ya ƙi shiga har sau biyu kafin ciniki ya faɗa, kuma a kan waya sunayen masu magana suna cakuɗewa da maganganunsu, sai na kwantar da wayar tukuna rubutun ya daidaita. Wannan ƙaramin abu ne, na wuce shi.

Mutumin dai ɗan Ostareliya ne, an haife shi a Melbourne a 1942, ya tashi a garin Bairnsdale. Abin da ya ba ni mamaki shi ne injiniyanci ya karanta a Jami'ar Monash, har ya koyar a kwalejin Swinburne kafin rubutu ya ɗauke shi gaba ɗaya. Da na gama wasan sai na daina mamaki, domin an ɗaure shi tamau kamar inji, babu kusar da aka buga a banza.

An fara nuna shi a 1971 a La Mama, wani ɗan ƙaramin gidan wasa a Melbourne. Labarin ba shi da tsawo. Wani sabon ɗan sanda, Ross, ya kama aiki a ƙarƙashin Saje Simmonds, tsohon hannu da ya ƙware wajen kauce wa aiki. A ranar sai ga 'yan'uwa mata biyu, Kate da Fiona, sun kawo ƙarar mijin Fiona, Kenny, saboda dukan da yake yi mata. Sajen ya ce zai taimaka a kwashe mata kayan ɗaki, amma ba don Allah ba, ido ya ɗora wa matan. A gidan aka sa wa Kenny ankwa, aka yi ta jibgarsa, har ya cika. Ƙarshenta 'yan sandan biyu suka koma dukan junansu don a ce shi ne ya far musu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ba sajen ba ne, mai motar kwasar kayan ne. Ana dukan mutum a gabansa, shi kuwa damuwarsa lokacin da motarsa ke ɓatawa a waje. Ya ɗauki kujera ya fita, ya dawo ya ɗauki wata, ko a jikinsa. Na karanta wurin nan cikin dare, na tsinci kaina ina dariya, sannan kunya ta kama ni. Williamson bai sa kowa ya tsaya ya yi wa'azi ba, kuma bai wanke Kenny ba don an zalunce shi. Mai dukan matarsa ne, bakinsa kuma babu linzami. Mu da muka saba raba 'yan wasa gida biyu, na kirki da mugu, wannan ya taɓa ni.

Sai dai a shirya wa harshen. Ingilishin titin Ostareliya ne na wancan zamani, cike da ashar da zagi, wasu kalmomin sai da na yi ta neman ma'anarsu. Ba littafin da zan miƙa wa ɗalibin sakandare ba ne. Matan biyu kuma, a ganina, bai ba su zurfi kamar mazan ba, musamman Fiona, wadda a kanta aka fara komai amma aka bar ta a gefe.

Shekarar 1971 ɗin ce ta fito da Williamson, don a cikinta aka nuna "Don's Party", wanda ya gina a kan daren zaɓen 1969 da jam'iyyar Leba ta sha kaye. Daga baya ya rubuta "The Club" a 1977 a kan rigimar shugabannin wata ƙungiyar ƙwallo, ya koma Sydney a 1979, ya kuma rubuta labarin fim ɗin "Gallipoli" na 1981. Wasanninsa sun haura 50.

Kuɗina bai tafi a banza ba. "The Club" zan saya nan gaba, amma na takarda, idan na sami mai zuwa da shi.