Daga Kolon: Batun Rautar da Ka Ce in Aiko

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga saƙonka inda ka nemi in sayo maka rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida ba tare da an ja waya ba, irin wadda ka hango a bayana ranar da muka yi magana ta bidiyo. Ban ƙi ba, amma ina so ka ji yadda abin yake a nan Jamus tukuna, kada a kashe kuɗi a kan kayan da zai iso Kano ya zama ado a kan tebur.

A nan, intanet yana shiga yawancin gidaje ta ƙarƙashin ƙasa ne, ko ta tsohuwar wayar tarho ta tagulla da ake kira DSL, ko ta wayar talabijin, ko kuma ta sabuwar wayar gilashi da ake ta haƙa tituna ana shimfiɗawa. Mutum yakan ƙulla yarjejeniya da kamfani, galibi ta wata 24, ya riƙa biyan kuɗi tsayayye duk wata, ba a ƙidaya masa data. Sai dai akwai jira, domin lokacin da na tare a gidan nan sai da na shafe mako uku kafin ma'aikacin kamfanin ya zo ya haɗa mini layi. Tun daga 1 ga Agustan 2016 doka ta ba kowa 'yancin zaɓar rautarsa, ba dole sai ta kamfanin da ke ba shi intanet ba. Da na lissafa kuɗin hayar tasu na shekara biyu, sai na ga gara in sayi tawa, na ɗauki FRITZ!Box 7590, wadda wani kamfani na Berlin ke yi, kuma ita ce ka gani. Kaya ne mai kyau, amma an yi ta ne domin layin tarho, ba ta da gurbin sim ko ɗaya.

Ka san layukan NITEL sun daɗe da zama tarihi, kuma intanet ɗin gidanmu ta iska yake zuwa, daga sabis ɗin kamfanonin waya. Saboda haka tambayar farko ba wace rauta ce ta fi tsada ba, ta ina intanet zai shigo gidan? Idan ta sim ne, abin da kake buƙata rauta ce mai ɗaukar 4G, ko 5G idan ya kai unguwarku, tunda Kano na cikin biranen farko da MTN ta kai wa 5G a 2022. Ka nemi wadda ba a kulle ta da layin kamfani ɗaya ba, domin ranar da sabis ɗin wannan ya yi rauni ka zare sim ka sa na wancan. Idan kuwa Starlink kake tunani, wato intanet ta tauraron ɗan adam, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, shi da rautarsa yake zuwa, babu abin da zan ƙara maka.

Abin da mutane suka fi mantawa da shi shi ne bango. Rautar zamani tana watsa Wi-Fi a kan zango biyu, na 2.4 da na 5. Na 5 ya fi sauri amma ba ya jure ratsa bango, shi kuwa na 2.4 ya fi nisa ko da yake bai kai shi gudu ba. Ni ɗaki biyu da falo gare ni, rauta ɗaya ta wadace ni har da saura. Gidanka kuwa bulo ne da kankare, ga tsakar gida mai faɗi, ga sashen Hajiya can ƙurya, don haka ko rautar Yuro ɗari uku ka ajiye a ƙasan talabijin, ɗakin baya ba zai samu komai ba. A ɗora ta sama, a tsakiyar gida, kusa da taga idan mai sim ce. In har hakan bai isa ba, a ƙara ta biyu a ja mata waya daga ta farko. Masu sayarwa a nan suna ta tallar Wi-Fi 7, amma a ganina Wi-Fi 6 ma ya fi ƙarfin abin da sim zai kawo maka, kuma yawancin wayoyin gidan ba su san na bakwai ba.

Sai batun wuta. Rautocin nan ba su da batir, domin masu yin su ba su yi tunanin ɗauke wuta ba. Yawancinsu bolt 12 suke ci, saboda haka ƙaramin batir na ajiya da ake jona wa rauta, ko layi daga solar gidan, ya fi maka amfani a kan kowane suna da ke jikin kwali. Ko filogin ma ya bambanta, nasu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, namu mai uku. Garantin shekara biyu da doka ta ba mai saye a nan kuma ba zai bi kaya zuwa Kano ba, alhali idan a kasuwar waya ta Farm Centre ka saya, ka san shagon da za ka koma.

Duk wadda ka saya, ka canja kalmar sirrin da ta zo da ita a ranar farko, ka kulle ta da tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, sannan ka buɗe wa baƙi layinsu daban. A nan idan maƙwabci ya hau layinka sauri kawai zai rage maka, a can kuwa datarka ce ta wata za ta ƙare cikin mako.

Abin da nake roƙo shi ne ka zagaya gidan da wayarka, da safe da kuma bayan isha'i, ka gwada layi biyu ko uku, ka faɗa mini wanda ya fi ƙarfi da kuma ɗakin da ya fi kamawa. Daga nan sai in turo kuɗin ka saya a can. A gaida Hajiya da yara.