Abin Da Ya Kamata Ka Saya Wa Karenka Kafin Hunturu Ya Kankama

Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a Kano yakan sauko wajen digiri 13, a Jos kuma yakan yi ƙasa da 10. Zafin jikin kare kuwa digiri 38 ne zuwa 39. Karen gida mai gajeren gashi, musamman siririn karen farauta, ba shi da kitsen da zai riƙe wannan ɗumin. Mutane da yawa riga suke fara nema masa, alhali daɓen siminti da iska su ne suka fi zuƙe masa ɗumi. Saboda haka makwanci za a fara kashe wa kuɗi.

Ɗaki iri uku aka fi gani: na bulo, na kwano da na katako. Na kwano ya fi araha, kuma shi ne mafi muni, don da dare yana sanyi ƙarara, da rana kuma ya zama tanda. Na bulo yana daɗewa, sai dai dole a shimfiɗa katako a ƙasansa. Na katako ya fi su riƙe ɗumi. Ka ce wa kafinta ya ɗaga ƙasansa santimita 10, kuma kada ya yi shi ƙato: iya inda karen zai miƙe tsaye, ya juya, ya kwanta. Jikinsa ne ke ɗumama ɗakin, in ya yi fili da yawa ba zai iya ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka ƙofa ta kalli kudu ko yamma, a rataya mata labulen buhu. In katakon ɗora kaya na sito za ka saya, duba hatiminsa: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuwa da hayaƙin guba aka kashe ƙwarinsa, mai MB ɗin kada ka saya.

Sai shimfiɗa. Bargon gwanjo yana da laushi, amma da ya sha raɓa ko fitsari sai ya riƙe lema, karen ya kwana kan abu mai sanyi. Ya dace da karen da ke kwana a zaure, in za a riƙa shanya shi kullum a wanke duk mako. Ga mai kwana a waje, busasshen karan shinkafa ko na alkama ya fi. Ba ya riƙe ruwa sosai, kare kuma yana tonawa ya shige ciki. A zuba kaurin santimita 15, a canza duk mako biyu saboda ƙuma da kaska. Buhun taki, ko wanda aka adana wake da magani a ciki, kada ya kusanci makwancin, don kare yana tauna abin da ya kwanta a kai.

Riga tana da amfani ga tsohon kare, marar lafiya ko ramamme. Kare mai gashi hawa biyu irin Alsatian ba ya buƙatarta. A auna daga gindin wuya zuwa gindin wutsiya, sannan zagayen ƙirji, a bar wurin da yatsu biyu za su shiga. A cire ta da hantsi, in ba haka ba ta goge masa hammata.

'Yan kwikwiyo su ne suke buƙatar ƙarin zafi na gaske, domin a makon farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu; wurin kwanansu ya zama digiri 29 zuwa 32. Jan ƙwan lantarki irin na masu kiwon kaji yana yi, in an rataye shi da sarƙa wajen mita 1 daga ƙasa, a kusurwa guda don su samu inda za su matsa. In sun taru sun hau juna suna kuka, sanyi suke ji. In sun watse nesa da fitilar suna haki, zafi ya yi yawa. Inda ake yawan ɗauke wuta, gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul ta fi tabbas, a sabunta ta in ta huce. Kaskon gawayi kam kada a saka shi a rufaffen ɗaki ko kaɗan: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kashe uwa da 'ya'ya cikin barci.