Ajiyar wake a gida: ƙwayar magani ko buhu mai leda biyu?

Hajiya, kin ce kin sayo wake buhu biyu a Tudun Hatsi nan Gombe, kina son ya kai ki damina, kuma mai shago ya ba ki shawarar jefa ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin, maƙwabciyarki kuma ta ce buhun PICS mai leda biyu. Tunda a cikin gida za ki ajiye, ni buhun zan ce.

Ki fara sanin cewa waken da kike gani fes da kaka, da ƙwarinsa ya zo. Tun a gona ƙwaron yake saka ƙwai, tsutsar ta shige cikin ƙwayar waken tana ci daga ciki, cikin kamar wata guda ta fito ta sake haihuwa. Zafin Maris da Afrilu yana ƙara musu sauri, shi ya sa kafin ruwan farko buhu ya koma ramuka da gari.

Ƙwayar maganin tana kashe su, ba musu. Da ta ji danshin iska sai ta saki iska mai guba. Amma an yi ta ne don sito mai rufi sosai da ƙwararren ma'aikaci. A buhun saƙa gubar tana fita ta ramuka ta bi ɗakuna, kuma ba ta san ƙwaro daban, yaro daban ba. Ba ta da makari. Ga shi bayan ta baje ba ta bar wata kariya, sabon ƙwaro na iya shiga. Fiya-fiya kuwa, don Allah kada ta kusanci abinci. Saboda ita ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Shi buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, babu magani ko ɗigo a cikinsa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In kin ɗaure, ƙwarin su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu da kansu. Kina buɗewa ki dafa. Kuɗinsa ya fi na ƙwayar magani a sayen farko, sai dai in kin kula da shi zai yi miki shekara biyu ko uku.

Aibinsa shi ne ba ya son sakaci. Waken ya bushe ƙayau tukuna; ki ciza ɗaya, in ya fashe da ƙara to ya yi. Ki hura kowace leda ki duba ko da huji, ki matse iskar sama, ki murɗe baki ki ɗaure kowace dabam. Sannan ɓera, wanda da sanyin hunturu yake tarewa cikin ɗaki: huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Ki ɗora buhun kan katako, nesa da bango.

Kuma kada a riƙa buɗe shi kullum don ɗiban na tukunya. Ki ware na wata guda a jarka mai murfi, ki cika ta har wuya, sauran ki bar shi a ɗaure.