Na ci rangwame, rangwame ya ci ni: sharhina kan saitin kurfi

Shekara goma sha biyu ina aikin kafinta da kurfin da na tara ɗaya-ɗaya. Wannan ƙotarsa ta tsage na ɗaure da waya, wancan sai na wasa shi sau uku kafin rana ta raba. Na daɗe ina cewa duk ranar da hannu ya ɗan yi nauyi zan sayi saiti guda na kirki, irin wanda mutum zai bar wa ɗansa. Bana Allah ya nufa. Ba zan kama sunan dilan ba, ba kuma zan kama sunan kamfanin da ya ƙera ba. Masu harkar sun san kuɗin irin waɗannan kaya, ba sai na faɗa ba.

Kafin in je sai da na yi dogon bincike. Na duba na Lie-Nielsen, kamfanin nan na jihar Maine a Amurka da ya fara aiki a 1981, wanda ya ɗauko fasalin kurfinsa daga tsohon samfurin Stanley mai lamba 750. Na duba na Veritas na Kanada da ƙarfensu PM-V11 da ake ta yabo, na leƙa na Narex na Jamhuriyar Czech masu sauƙin kuɗi. A ƙarshe ba ko ɗaya cikinsu na saya ba. Wani ne daban ya kwanta mini, don ƙotarsa ta zauna a tafin hannuna kamar an gwada ni kafin a sassaƙa ta. Guda biyar ne a akwatin katako, daga milimita 6 zuwa 25.

Ni ba na jin kunyar tayi. Na shiga da shirina: kuɗi hannu, kuma zan haɗa da zarto da dutsen washi guda biyu don cinikin ya yi kauri. Na ce masa, “Maigida, in na kwashi waɗannan duka yau, me za ka rage mini?” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, zarton da duwatsun zan taɓa maka. Kurfin nan kuwa ba ni da ta cewa. Kamfani ne ya yanka farashi, in na sauko ƙasa su karɓe dilancin.”

Maganar nan rabinta gaskiya ce. Kamfanonin manyan kayan aiki da yawa suna gindaya wa dilolinsu mafi ƙarancin farashin da za su iya tallatawa a intanet ko a takardar talla, shi ya sa za ka buɗe shafin diloli biyar ka tarar da lamba ɗaya kamar sun haɗa baki. Amma yawanci sharaɗin a kan talla ya tsaya, bai kai ga abin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita baki da baki ba. Doka ma ba ɗaya ba ce ko'ina. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2007 a shari'ar Leegin, dokar tarayya ba ta ɗaukar yanka wa dila mafi ƙarancin farashin sayarwa laifi kai tsaye, sai an duba yadda ya shafi gasa a kasuwa. A Tarayyar Turai kuwa kamfani na da ikon ba da shawarar farashi, amma tilasta wa dila mafi ƙarancin farashi karya doka ce. Na ɗan taɓo masa wannan, ya ce, “Malam, ka yi karatu,” amma ko kaɗan bai motsa ba. Na ɗauki zarto da duwatsun da ragi mai ɗan dama, da rasit da garantinsu cif, na bar masa lambata na fito.

Kwana huɗu sai ga kira. “Malam, akwai wani saiti guda da zan iya cire maka kashi 15 cikin 100. Amma tsakaninmu, kuma yau.” Na ce me ya same shi? Ya ce akwatin ne ya ɗan kuje a hanya, shi ke nan. Da ina cikin hayyacina da na tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da shekaran jiya ya ce ba shi da ta cewa, yau shi ke nemana da ragi. Ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne dabarata ta ficewa ba tare da na saya ba ta yi aiki. Har ina yaba wa kaina a hanya.

Na je, aka buɗe akwatin, ga kujewar a kusurwa kamar yadda ya faɗa. Na ɗaga kowane kurfi na juya shi, sai sheƙi suke. Ban ɗora rula a bayan ko ɗaya ba, ban jera su na gwada tsayi ba, rasit ma ninke shi na yi na cusa a aljihu. Ya ƙara mini ɗan gwangwanin man hana tsatsa gyara, muka rabu ana dariya.

Gaskiya ɗaya ce, guda huɗu daga cikin biyar ɗin ban taɓa riƙe irinsu ba. Bayansu kusan a miƙe ya zo, minti goma a dutsen washi mai ɗan kaushi, mai lamba 1000, na wuce mai santsi, mai lamba 6000, sai ka ga fuskarka. Na gwada a kan ƙarshen katako mai laushi, inda kurfi mara kaifi ke murƙushe zaren maimakon ya yanka, sai ga ɓawo na naɗowa siriri har haske na ratsa shi. Na yi yini biyu da mai milimita 12 ban koma wajen dutse ba. Abokai biyu na tura shagon da bakina. Da a makon nan na rubuta wannan sharhi, tauraro biyar zan danna ba tare da na yi tunani ba.

Sai mai milimita 19, wanda shi ne kafinta ya fi kai hannu gare shi. Tun farko na lura yana saurin dakushewa fiye da 'yan uwansa, na ɗora laifin a kan washina. Ranar da asiri ya tonu ina huda ramin haɗi a ƙofar katako mai tauri. Duka uku da gudumar katako, bakin ya naɗe. Ba ɓallewa ya yi ba, naɗewa ya yi kamar bakin gwangwani, kuma duk mai aiki da ƙarfe ya san bambancin. Ƙarfen da ya cika tauri ko aka wasa shi da siranta sosai shi ke ɓallewa, mai laushi shi ke lanƙwashewa. Na sake wasawa, na ɗaga kwanar bakin daga digiri 25 zuwa 30. Duka biyar, ya sake naɗewa. Na ɗauko ƙaramin magagari na goga a gefen mai milimita 25, ya zame kamar a kan gilashi. Na goga a bakin wannan, ya kama yana ci. Nan gabana ya faɗi.

Na kai shi ƙarƙashin fitila da madubin ƙara girma. A gefe, daf da baki, akwai ɗan sauran shuɗi-shuɗi da aka goge bai gama fita ba, kuma zanen niƙan bakin bai yi kama da na sauran huɗun ba. Na jera su, ya gaza da kusan milimita 2. Wani ne ya riga ni sayensa, ya ɗora shi a injin niƙa ba ruwa har ya ƙona shi. Irin wannan ƙarfe, bayan an taurara shi, a wajen digiri 200 na zafi ake sassauta shi don kada ya riƙa karyewa. In ya yi shuɗi ya kai kusan digiri 300 ke nan, taurin wurin ya tafi, kuma goge launin ba ya dawo da shi. Na kuma shafa tawadar alƙalamin maka a bayansa na goga a dutse, tawadar tsakiya ta fita, ta gefe da ta baki na nan. Ya yi tumbi, wato tsakiyarsa ta ɗago, alamar an goga shi a dutsen da ya riga ya lotsa.

Washegari na koma. Maigidan bai fito ba tukuna, yaron shagon ya karɓi akwatin, yana buɗewa ya ce, “Au, wannan ai shi ne wanda aka dawo da shi.” Ya faɗa kafin ya lura da abin da ya faɗa. Da maigidan ya zo na ce, “Maigida, ka ce mini akwati ne ya kuje.” Ya ce ai akwatin ya kuje ɗin, bai yi ƙarya ba. Na nuna masa tumbin, sai ya ce ai kurfin Japan ma bayansu ba a miƙe yake ba. Wannan ta fi komai ɓata mini rai, don raina mini sana'a ne. Na Japan rami ake yi musu a baya da gangan, gefe da baki na zaune a kan dutse, don washi ya yi sauƙi. Tumbi kishiyar wannan ne, yana ɗaga bakin daga dutse ya hana shi kaifi. Ya san haka sarai, shekararsa nawa yana sayar da su.

Sai ya ce in duba rasit. Na warware shi a gabansa. Can ƙasa akwai ɗan hatimi, kayan ragi ba a dawo da su, kuma babu garanti. Laifina ne ban karanta ba, na yarda. Amma hatimin ba ya cewa an taɓa amfani da kayan, shi kuma bai faɗa ba. Ya ce zai iya yi mini odar guda ɗaya a cikakken farashi. Na yi lissafi a tsaye: kashi 15 na saitin guda biyar bai kai kuɗin kurfi ɗaya ba, balle wanda aka sayo shi kaɗai, da ya fi tsada a kan rabonsa a cikin saiti. Wato da na biya farashin da ya fara faɗa na ɗauki sabo a rufe da garanti, da na fi samun sauƙi. Na ɗauki akwatina na fita ban yi sallama ba.

Don adalci, bayan kwana biyu shi ya kira. Ya ce abin ya dame shi, bai san an ƙona bakin ba, ya ɗauka wanda ya dawo da shi ra'ayi kawai ya sauya. Ya ce zai kawo mini sabo a farashin da shi yake sarowa. Bayan mako uku ya iso a ledarsa ba a buɗe ba, kuma lafiyarsa ƙalau kamar sauran huɗun. A lokacin zuciyata ta sauko, na ce wa kaina mutum ne, kuskure ya yi, ya kuma gyara gwargwadon iko. Har na shirya ba shi tauraro huɗu.

Abin da ya hana ni shi ne ɗaya daga cikin abokan da na tura. Makon jiya ya kira ni yana murna, wai maigidan ya neme shi da wani zarto mai ragi, amma tsakaninsu, kuma ranar. Na ce me ya samu zarton? Ya ce kwalin ne ya ɗan yage a hanya. Na ce ya tambaye shi ƙarara ko an taɓa sayar da shi, ya kuma karanta ƙasan rasit kafin ya miƙa kuɗi. Hatimin na nan, amsar kuma sai da aka yi ta kewaye-kewaye kafin ta fito: an dawo da shi ne. Wataƙila zarton lafiyarsa lau, kayan da aka dawo da su ba haramun ba ne a sayar, ni ma zan saya in an faɗa mini aka bar ni na duba. Amma bayan duk abin da ya faru tsakaninmu, labarin kwali ya sake ɗaukowa.

Kurfin tauraro biyar. Dilan biyu, ɗaya don zarto da duwatsun da ya rage mini tsakani da Allah, ɗaya don kiran da ya yi. Ƙonannen kuwa na niƙe kusan milimita 4 daga bakinsa a hankali ina tsoma shi a ruwa har na kai inda magagari ke zamewa, tumbin ya ci mini yamma biyu a kan dutse. Yanzu yana kama kaifi, amma ban mayar da shi cikin akwatin ba. Yana rataye a bango tare da tsofaffin, da shi nake kankare busasshen gam.